Kwalbar Wasan Makon Kaka

"Ba haka na rubuta ba," in ji Miskili.

"To, haka na faɗa," in ji Gayu.

"Na rubuta ya zauna a ƙasa ya ce, 'Umma, barci nake ji.' Shi ke nan. Kai kuma ka tsaya kana sosa wuya, kana dariya, ka ƙaro magana har layi huɗu daga aljihunka."

Gayu yana zaune a bakin dandamali yana kaɗa ƙafa. Sauran 'yan wasan sun watse, ɗakin taron ya rage daga su biyu sai kujeru.

"Malama ta tafa ko ba ta tafa ba?"

"Ba maganar tafi nake ba."

"Maganar tafi kake, malam marubuci. Tun ranar da aka raba wasan nan fuskarka take kamar an aiko maka da saƙon mutuwa. In abin ya tsaya maka a wuya, sha ruwa."

Miskili ya durƙusa ya ci gaba da zuba kayan wasa a kwali: tsohuwar rediyo, ɗankwali, kofi, da kwalbar maganin tari mai ruwan ƙasa. Gayu ya diro, ya shafa masa kai kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro, ya fita yana fito.

Gayu ɗan ƙanwar mahaifiyar Miskili ne, wato Umma. Shekara uku ke nan da aka kawo shi gidansu don ya yi sakandare, aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin Miskili. Wata uku ne tsakaninsu, Miskili ne babba, amma ba wanda ke tunawa. Aji ɗaya suke, ajin ƙarshe. Gayu idan ya shiga wuri sai a san ya shigo. Miskili sai ya tashi zai fita ake cewa, "Au, ashe kana nan."

Kowace shekara, idan ganye ya fara zuba, makarantar takan ware mako guda da take kira Makon Kaka. Litinin shara, kowane aji da manjagara da baro. Talata a cire abin da lambun makaranta ya yi, a jera kabewa a kan tebura a auna ta wane aji ta fi nauyi. Laraba tsere. Alhamis iyaye su zo. Bana Firinsifal ya ce duk makon na yaƙi da shaye-shaye ne, saboda a sharar bara baro biyu aka cika da kwalabe daga bayan ɗakin gwaje-gwaje. Aka manna takardu a bango. Aka kafa akwatin katako a ƙofar ofishin Malamin Shawara, an rubuta a jikinsa: Idan ka san wanda yake bukatar taimako, rubuta sunansa, ba sai ka sa naka ba. Sannan aka ce ranar Alhamis za a yi wasan kwaikwayo a gaban iyaye.

Miskili ne ya rubuta wasan. Bai ƙirƙiri komai ba. Yayansa ya kalla. Yaya ya yi shekara huɗu yana shan maganin tari kafin a gane, ya yi wata bakwai a asibiti, yanzu yana gida, yana zama a benci a tsakar gida daga safe zuwa yamma, yana magana a hankali kamar mai ƙirga kalmomi. Duk abin da ke cikin wasan Miskili ya gani da idonsa. Shi ya sa da ya miƙa wa Malamar Adabi takardun, bai taɓa kawo wa ransa cewa wani ne zai fito a matsayin yaron da ke shan maganin a wasan ba.

Ta sa shi ya karanta a kan dandamali, ita kuma ta koma kujerar ƙarshe. Layi uku kawai ya karanta, ta ɗaga hannu.

"Rubutunka ya yi kyau, amma muryarka a cikin rigarka take tsayawa. Iyaye ɗari uku za su zo. Kira min ɗan'uwanka."

Haka aka ba Gayu yaron. Shi kuma aka ba shi kwali da bayan labule: ya kula da kayan wasa, ya riƙe takarda, ya raɗa wa duk wanda ya manta layinsa. Gayu bai taɓa mantawa ba. Ko wannan bai bar masa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Gayu ya iya. Ya iya fiye da rubutun. Yadda yake barin idonsa ya yi nauyi, yadda yake sosa gefen hanci da bayan hannu, yadda yake fara magana ya sake ta a tsakiya ya yi murmushi shi kaɗai. Miskili bai rubuta ko ɗaya ba, amma duk ya san su. A gida Umma ta ce Gayu ya ɗan gwada mata, ya yi minti biyu a ƙofar kicin, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Yaron nan Allah Ya yi maka baiwa," ta ce.

"Umma, ga wanda ya rubuta nan," in ji Gayu, yana nuna shi da haɓa.

"Shi ma Allah Ya yi masa albarka. Miƙo min murfin tukunyar nan."

Miskili ya miƙa mata.

A wasan akwai wurin da yaron zai ɗaga kwalba ya shanye a gaban mutane. Malama da kanta ta kawo kwalbar, ta wanke ta sau uku. Aikin Miskili ne kullum kafin gwaji ya cika ta da baƙin shayi mai sanyi daga ɗakin malamai. Ba ya sa sukari. Da farko don masinja ya hana shi taɓa gwangwanin ne. Daga baya don yana jin daɗin tunanin Gayu yana haɗiye ɗaci a gaban kowa ba halin ya ɓata fuska.

Ranar Talata da safe, ana can ana ihun awon kabewa, ya shiga bayan dandamali don ya ɗauko kwalbar ya cika. Ya buɗe kwali ya ga kiyashi. Layi guda suka yi daga tsagar bango, suka hau gefen kwali, suka wuce rediyo, suka wuce kofi, suka taru a bakin kwalbar baƙi ƙirin.

Ya tsaya yana kallonsu. Kiyashi ba sa bin shayin da ba sukari.

Ya karkaɗe su, ya buɗe murfin. Yana danƙo a yatsa. Ya kai hanci. Ba sai ya shinshina sau biyu ba. Warin nan ya kwana da shi a ɗaki ɗaya shekara huɗu kafin Gayu ya zo, a jikin matashin Yaya, a aljihun rigunansa. Ya juya gindin kwalbar. Ta Malama akwai ɗan ɗigon farin fenti a ƙasanta. Wannan babu.

Abin da ya fara ji shi ne daɗi. Ya taso masa daga ciki, mai ɗumi, har sai da ya ji bakinsa yana son buɗewa. Ashe ba baiwa ba ce. Ashe ba iyawa ba ce. Sai bayan nan tsoro ya zo, kuma kafin tsoron ya gama zama ya riga ya san wanne ne ya riga zuwa. Ya zauna a kan kwalin ya daɗe.

Da yamma a wurin gwaji bai kalli takarda ba. Ta tsagar labule ya sa ido. Ya ba Gayu kwalba cike da shayi kamar kullum. Gayu ya sa ta a aljihun dama na rigar sanyi. Da lokacin ya yi, daga aljihun hagu ya zaro. Ya ɗaga kai ya shanye a tsakiyar dandamali, a gaban Malama, a gaban Malamin Shawara da ya leƙo kallo, a ƙarƙashin ƙyallen da aka rubuta wa Rayuwarka Ta Fi Kwalba. Malamin Shawara ya girgiza kai ya ce, "Yaron nan sai ka rantse ya taɓa gani."

A hanyar gida Miskili ya bari sai da suka wuce shagon mai faci, inda mutane suka ragu. Busassun ganye sun cika kwata, Gayu yana tafe yana shurinsu.

"Ina shayin da nake zuba maka?"

"Na sha. Kullum ina sha, kullum ina tsine maka."

"A ina kake zubar da shi?"

Gayu ya daina shurin ganye, amma bai daina tafiya ba.

"Tun yaushe?" in ji Miskili.

"Tun yaushe me?"

"Na shinshina kwalbar."

"To ka zama kare ke nan. Barka."

"Ka ga Yaya. Kullum kana wuce shi a benci."

"Kada ka haɗa ni da Yaya." Ya tsaya yanzu. Muryarsa ta sauka. "Sau nawa ne? Don wasan ne. Kana so in tsaya gaban mutum ɗari uku da shayinka mai ɗaci a ciki? Ƙafata rawa take idan na hau wurin nan, kai ba ka sani ba, kana bayan labule kana hutawa. Ranar Alhamis an gama, na daina."

"Haka Yaya yake cewa. Bayan jarrabawa."

"Ka ga, ɗan'uwa, mu bar zagaye-zagaye. Ba ni kake ji ba. Wasan kake so. Tun ranar farko kake so. Je ka faɗa, su ba ka, ka hau ka yi musu raɗa." Ya matso har Miskili yana jin warin a numfashinsa. "Amma ka fara faɗa wa Umma. Ka kalli idonta ka ce mata ga na biyu."

Ya wuce ya bar shi a tsaye.

Umma tana tsakar gida tana yanke wa Yaya farce. Ta riƙe hannunsa a cinyarta kamar na jariri, shi kuma yana kallon bango. Gayu ya riga ya shige ɗaki ya kwanta da takalmi a ƙafa.

"Me ya sami ɗan'uwanka?"

"Gajiya ce," in ji Miskili.

"Ku dinga barinsa yana hutawa. Amanar mutane ce. Jibi uwarsa za ta kira ta ji yadda aka yi, na ce mata har hoto zan sa a ɗauka."

Ya ce to.

Ranar Laraba ana tsere, shi yana zaune a aji shi kaɗai da 'yar takarda a gabansa. Ta taga yana jiyo usur da ihu. Lissafin a fili yake, ya yi shi ya fi sau goma. Malamin Shawara yana buɗe akwati kullum ƙarfe biyu. Idan ya jefa yau, za a kira Gayu yau, gobe ba zai hau dandamali ba. Kuma mutum ɗaya ne a duk makarantar ya haddace layukan yaron. Idan ya bari sai Juma'a, ba wanda zai ce masa komai. Hannunsa fes. Amma akwai gwajin ƙarshe yau da yamma, akwai wasan gobe. Kwalba biyu ke nan. Ya tuna ranar da aka tsinci Yaya a bayan gida, leɓɓansa sun yi shuɗi, likita yana tambaya guda nawa ya sha, ba wanda ya sani.

Kwalba biyu na iya kashe mutum. Wannan gaskiya ne. Ya riƙe ta da kyau. Sai dai duk lokacin da ya riƙe ta, sai ya ga kansa a tsakiyar dandamali, Umma a layin gaba, sai ya ji ɗumin nan na jiya yana motsi a ƙasan cikinsa.

Ya gwada wata dabara a ransa: ya jefa sunan yau, in an ce ya hau ya ƙi. Ya ji yadda hakan zai yi kyau. Ya kuma san ba zai ƙi ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya rubuta. Da hannun hagu ya fara, don kada a gane rubutun, sai ya ga abin ya zama wasan yara, ya yage. Ya sake da hannun dama. Sunan Gayu na rajista, ajinsu, da layi ɗaya: A duba aljihun hagu na rigar sanyinsa kafin gwaji. Barandar ba kowa. Takardar ta faɗa cikin akwatin ba ƙara.

Ba a yi gwaji ba ranar. Masinja ya zo ya kira Gayu daga bakin fili, yana tsaka da yi wa 'yan ajinsu kirari. Ƙarfe uku aka aika a kira Umma. Miskili ya hango ta daga nesa tana shigowa ta ƙofar makaranta, ta sa takalmin wanka, mayafin a karkace. Ya koma bayan dandamali ya zauna kusa da kwalinsa.

Nan Malama ta same shi.

"Kwalbar a hannunka take kullum," ta ce.

"Eh, Malama."

"Ni na tafa masa. Sau nawa na tafa masa." Ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi. "Ba za a kore shi ba. Za a kai shi ya ga likita, zai dinga zuwa wurin Malamin Shawara. Amma gobe ba zai hau ba." Ta mayar da tabarau. "Ka haddace?"

"Na haddace."

"To ka buɗe baki. Ka yi kamar kana kiran wani a tsallaken titi."

Ya jira ya ji bakinsa ya ce a'a. Bakinsa ya ce, "To, Malama."

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika har taga. An jera kabewar da ta ci gasa a gefen dandamali, an ɗaura mata jan ƙyalle. Firinsifal ya yi jawabi mai tsawo, wata ma'aikaciyar jinya ta yi bayani a kan abin da maganin ke yi wa numfashi, 'yan aji ɗaya suka yi waƙa. Sannan aka ja labule.

Miskili ya duba layin gaba. Kujerar da aka rubuta wa sunan gidansu, wata mata ce a kai da jariri a cinya.

Ya yi wasan yadda ya rubuta shi, bai ƙara ko harafi ba. Ya ɗaga murya har maƙogwaronsa ya yi zafi. Duk da haka sau biyu wani daga baya ya ce, "Ba ma ji." Da ya zo wurin kwalba ya ɗaga ya shanye. Shayin ya yi sanyi, ya yi ɗaci, sai da ya ɓata fuska, wasu yara suka yi dariya. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Umma, barci nake ji." A nan ɗakin ya yi tsit, na ɗan lokaci. Wata tsohuwa a layi na uku ta share ido. Aka tafa. Tafin da ake yi wa kowa ne, irin wanda aka yi wa kabewa.

Yana tattara kaya ya ji wasu 'yan mata biyu suna wucewa ta bayan labule.

"Wannan ma ya yi ƙoƙari."

"Ke dai ba ki ga na Gayu ba."

Ya rufe kwalin, ya tura shi ƙarƙashin dandamali.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Umma tana kicin, ta juya baya, tana yanka albasa a hankali. Ya yi sallama ta amsa ba ta juyo ba.

"An yi?" ta ce.

"An yi."

"Madalla. Abincinka na nan a rufe." Wuƙar ta tsaya. "Malaminku ya ce wanda ya rubuta takardar ya ceci rai. Na ce Allah Ya saka masa." Ta ci gaba da yanka. "Ban san me zan ce wa uwarsa ba. Sau uku tana kira."

Bai ɗauki abincin ba. Ya fito tsakar gida. A kan bencin mutum biyu ne yau. Yaya a gefensa na kullum, Gayu a ɗaya gefen, ya naɗe ƙafa, yana sanye da rigar jiya. Ganyen bishiyar maƙwabta ya zubo ta kan katanga ba wanda ya share. Gayu ya matsa ya bar masa wuri a tsakiya. Miskili ya tsaya a inda yake.

"Sun ji ka?" in ji Gayu.

"Na gaba sun ji."

"Ka sha shayin?"

"Na sha."

"Ka ji abin da nake ji ke nan." Ya yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Ya cusa hannunsa a hammata. "Malam ya nuna min takardar. Ko rubutun ba ka canza ba."

"Ban canza ba."

"Likita ya ce na yi sa'a. Ya ce da na ƙara wata biyu a haka, da wani zancen ake." Ya kalli Yaya, ya kawar da kai. "Ba don wasan na fara ba. Ƙarya na yi maka. Tun hutun da ya wuce ne. Wata biyar. A ɗakinka, katifata na jikin taka. A bayan littattafanka nake ɓoyewa."

Miskili ya maimaita abin a ransa. Wata biyar. Shi da ya san warin. Shi da ya rubuta shafi goma sha biyu a kan yadda ake gane mai sha.

Daga kicin wayar Umma ta fara ƙara. Ta yi ta yi, ba a ɗauka ba. Yaya ya juyo a hankali ya kalli ƙaninsa, ya kalli ɗan ƙanwar uwarsa, ya mayar da ido bango.

"Ba faɗa nake nema ba, ɗan'uwa," in ji Gayu. "Abu ɗaya nake so in sani. Da a ce tun farko kai Malama ta ba wasan, da ka taɓa kula da abin da nake sha?"